Zinariyar Doña Herlinda

Shekara ashirin da shida ke nan muna zama a teburi ɗaya da Doña Herlinda, ita a gefen da rana take fara bugawa, ni a gefen bango. Ita ce ta riƙe 'yata a coci ranar baftisma, don haka ba na kiran sunanta, ita ma ba ta kiran nawa. Comadre muke ce wa juna, ko da kuwa faɗa muke yi.

A unguwarmu ta Renovación, nan Iztapalapa, kowane gida da abin da yake fasawa. Wasu firji, wasu injin wanki, wasu talabijin. Gidan Doña Herlinda kuwa tsofaffin kwamfutoci ne da wayoyi. Amma ba da wannan sana'a ta tashi ba. Asalinta tela ce.

Tana da shekara goma sha bakwai ta baro ƙauyensu a Oaxaca, wata 'yar uwarta ta samo mata aiki a wani kamfanin ɗinki da ke tsakiyar birni, a hawa na huɗu. Shekara shida ta yi tana ɗinka wuyan riguna. Ranar girgizar ƙasa ta 1985, ta zauna ke nan a bakin kekenta tana zura zare a allura, sai ginin ya durƙushe da su. Babban teburin da ake yankan yadi a kai shi ya tare mata rufin kankare, ta maƙale a ƙarƙashinsa kwana ɗaya da wuni. Muryarta ta dishe tun ranar farko. Abin da ya rage mata shi ne almakashin da ke aljihun gaban rigarta, sai ta dinga ƙwanƙwasa shi a jikin ƙafar teburin.

Cikin mutanen da suka taru suna tono da hannu da bokiti akwai wani ɗan gwangwan mai suna Nemesio, wanda ya shigo layin da baronsa neman tsofaffin ƙarafa. Mutumin da ya tashi cikin ƙarfe, kunnensa ya san ƙarar ƙarfe. Shi ya ɗaga hannu ya ce da masu tono su yi shiru, akwai mai bugu a ƙasa. Shi ne kuma ya kutsa cikin ramin ya jawo ta ta ƙafa. Bayan shekara ɗaya suka yi aure.

Ban taɓa zuwa wani biki da Don Nemesio ya halarta bai ba da labarin nan ba. Zai buga ƙirji ya ce, "Duk yawon gwangwan ɗin da na yi a birnin nan, ban taɓa tsintar kaya mai kyan wannan ba."

Ita kuwa ba ta ko ɗaga kai. "Ku ji shi. Ya ciro ni ya baro takalmina ɗaya a ciki. Aikinsa kullum rabi da rabi ne."

Tsoho take ce masa, shi kuma yana ce mata tsohuwa, tun gashinsu yana baƙi wuluk.

Daga ranar da aka ciro ta, ba ta sake hawa bene ba. Ta bar ɗinki gaba ɗaya, don ta ce ƙarar keke tana sa ƙasa ta yi mata motsi. Da maƙwabta suka fara zuba rufin kankare suna ɗora ɗakuna a sama, ita ta ce rufin kwano ya ishe ta, in ya faɗo mata a ka iyakarta ƙulu. A tsakar gida take wuni, ƙarƙashin shuɗin tamfol, da rediyonta da kejin kanarinta.

Ta hanyar wayar wuta ta shiga sana'ar mijinta. A lokacin kowa ƙona waya yake yi don robar ta narke a sami jan ƙarfen da ke ciki. Don Nemesio ma haka yake yi, hayaƙin ya baƙanta mata shanya, ya sa yaransu biyu tari. Wata rana ta ture shi daga bakin wutar, ta ɗauko reza, ta tsaga robar daga wannan kai zuwa wancan kamar mai farke ɗinki, ta zare jan ƙarfen yana ƙyalli. Dillalin da yake saye a hannunsu ya juya shi, ya sake juyawa, ya tambaya a ina suka samo sabo. Tun daga nan ba a sake kunna wuta a gidan ba sai ta girki.

Ni na zo mata a shekarar da mijina ya tsallaka iyakar ƙasa zuwa arewa neman aiki ya yi shiru. Lokacin bankuna da ofisoshi sun fara zubar da kwamfutocinsu, Don Nemesio ya ajiye baro ya sayi tsohuwar a-kori-kura yana kwaso su. Ranar farko na ɗauki guduma, don haka na ga maza suna yi. Ta riƙe mini hannu.

"Me ta yi miki za ki dake ta? Wanda ya haɗa ta da noti ya haɗa ta. Ungo sukudireba."

Ita ta koya mini komai. Alminiyam a wannan kwando, jan ƙarfe a wancan, roba a buhu. Batir kuwa yana da nasa bokitin yashi a can nesa, kuma duk wanda ya huda shi a gidanta zai ji abin da bai taɓa ji ba. Babban abin nema shi ne fanel, wato koren allon nan da ke cikin kowace na'ura, don a jikinsa zinariya da azurfa suke. Tana ɗaga fanel ta kalli rana da shi sau ɗaya, ta san kwandon da zai shiga. Tsoho ya fi sabo, mai nauyi ya fi marar nauyi. Tana magana da na'urorin ma. In noti ya ƙi kwantuwa sai ka ji tana lallashinsa, in ya ci gaba da taurin kai ta zage shi da yaren ƙauyensu. Kuma ba mai kai tortiya, wainar masararmu, baki a gidan sai ya wanke hannu sau biyu da sabulu, ko da baƙo ne da bai taɓa komai ba.

Abu ɗaya ne ta kasa raba mijinta da shi. In siririyar waya ta zo hannunsa, da haƙori yake fiɗe ta. Ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta saya masa filaya har biyu, duk a banza. Wata ranar Laraba muna cikin aiki muka ji ƙas, muka waiwaya, sai ga Don Nemesio riƙe da rabin haƙorinsa na gaba a tafin hannu. Ragowar ya ruɓe bayan 'yan watanni aka cire.

Da farko dariya muka yi, shi ma ya yi. Amma giɓin ya zo masa a mummunan wuri. Don Nemesio da muryarsa yake kiran kaya a layi, bai yarda da lasifika ba, kuma tun da haƙorin ya fita duk kalmar da ya faɗa sai ta fito da fito. Abokansa na shagon aski suka sa masa suna Butar Shayi. Mutumin da ake jin dariyarsa daga layi uku ya koma sa hannu a baki in zai yi murmushi. Ya daina waƙa in yana sauke kaya. A bikin 'yarsu ma, duk hotunan da aka ɗauka bakinsa a rufe yake kamar wanda aka yi wa rasuwa. Doña Herlinda kuwa kallonsa kawai take yi.

A cikin kwanakin nan ne wata rana ta ɗaga wani ƙaramin fanel ta nuna mini bakinsa, inda 'yan layukan nan masu ruwan ɗorawa suke jere.

"Comadre, shekara nawa ake ce mana akwai zinariya a abin nan? Ke kin taɓa ganinta?"

Na ce, "Ga ta nan kina nuna mini."

"Wannan fenti ne. Ina nufin zinariya da za ki riƙe a hannu ki ji nauyinta. Mu ne ke cirewa, mota ta zo ta kwashe, a kai can ƙasar da ba mu sani ba, wasu su gani. Ni ma ina so in gani."

Ta shiga ɗaki ta fito da almakashin nan na ɗinki, wanda ta fito da shi daga ƙarƙashin gini. Ta yanke bakin fanel ɗin siriri, ta jefa a kwalbar kofi. Daga ranar, cikin kowane goma sai ta ware ɗaya ta yanke masa baki. Ni na ɗauka 'yan kunne take so, ban kuma tambaya ba.

A shekara uku ta cika kwalba uku. A nan ne Crescencio ya shigo maganar. Ƙanin Don Nemesio ne, mutumin kirki, sai dai babu abin da bai iya ba a bakinsa. Ya ce ya ga wani a unguwar Neza yana fitar da zinariya da asid, abu ne mai sauƙi kamar dafa wake.

Doña Herlinda ta ce, "Kai ka iya dafa waken?"

"Haba matar yaya, ki ba ni kwalba ɗaya ki sha mamaki."

Ta yi kwana biyu tana tunani, sannan ta ba shi ɗaya. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya zo da jarka biyu, ya ari tukunyarta ta tangaran, ya ɗaura hankici a hanci ya koma bayan gida. Muna zaune muna shan kunun masara sai muka ga wani jan hayaƙi, ja mai duhu kamar tsatsa, yana tasowa ta saman tamfol. Sai ga Crescencio ya fito da gudu yana tari, ya yi fatali da tukunyar a hanya. Doña Herlinda ba ta tsaya tambaya ba, ta kore mu duka waje, ta bi maƙwabta ƙofa ƙofa tana cewa su fita da yara. Sai da iska ta kwashe hayaƙin muka dawo. Cikin kanarinta uku, biyu suna kwance a ƙasan keji. Abin da ke cikin tukunyar kuwa ƙasa ta shanye shi, zinariyar shekara guda ta bi laka.

Kwana huɗu Crescencio ya yi a asibiti. Da aka sallamo shi ta dafa romon kaza ta kai masa, na raka ta. Yana ganinta ya fara ba da haƙuri, muryarsa kamar ta agwagwa.

Ta ce, "Sha romo. Da ka mutu da sai in ce wa yayanka me? In ce na kashe masa ƙani a kan kwalbar kofi? Laifina ne da na saurari mahaukaci. Buɗe baki."

Da cokali ta dinga ba shi, tana ba shi tana zaginsa, har kwanon ya ƙare. Da muka fito ta tsaya a bakin ƙofa ta share ido da gefen mayafinta. Washegari ta sa Don Nemesio ya kwashe ƙasar bayan gidan da shebur, ta kuma ce duk wanda ya sake shigo mata gida da asid, ko ɗanta ne, ba shi ba ita.

Na zaci ta haƙura. Ashe ba ta haƙura ba. Ranar Litinin almakashi ya koma aiki.

Bayan shekara biyu kwalaben suka koma huɗu. Dillalinmu ne ya ba ta labarin wani maƙerin zinariya a tsakiyar birni, Don Apolinar, wanda yake tace irin wannan kaya yadda ya kamata, da bututun da ke fitar da hayaƙi da komai. Muka sa kwalaben a jakar cefane, muka rufe da tawul, muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ta ce wa mijinta coci za mu je.

Da muka isa adireshin sai ta tsaya cak a bakin titi. Tsohon gini ne mai hawa biyar, shagon Don Apolinar yana na huɗu.

Ta ce, "Hau ki ce masa ya sauko."

Na hau. Na tarar da wani tsoho siriri da tabarau a goshi, ƙafarsa ɗaya a kumbure bisa kujera. Ya ce shi sau ɗaya yake hawa da safe, sau ɗaya yake sauka da yamma, ko shugaban ƙasa ne a ƙasa sai dai ya jira. In tana so ta ba ni kayan in kawo. Na sauko na faɗa mata.

Ta rungume jakar. "Shekara biyar ina yanka abin nan, yatsuna duk sun yi kanta. Ban yi don a ba ni labari ba."

"To comadre, mu koma gida, a nemi wani."

Ta daɗe tana kallon ginin daga ƙasa har sama. Mai sayar da tamal, wato alalar masara, da ke gefen ƙofar har ta tambaya ko ba ta da lafiya ne. Can sai ta yi alamar gicciye, ta miƙo mini jakar, ta kama damtsena da hannu biyu.

"Ki yi ta magana. Kar ki yi shiru ko kaɗan."

"In ce me?"

"Ko me. Gulma. Ai kin iya."

Haka muka fara hawa. Na ba ta labarin matar mai shagon aski da direban motar ruwa, na ba ta na surukata da abin da ta yi mini ranar aurena. Idonta a rufe, ƙafarta tana laluben matakala. A hawa na biyu wata babbar mota ta wuce a titi, gilasan tagogi suka yi rawa. Ta durƙusa a wurin, farcenta ya shige mini fata. Zufa ta jiƙe mata riga. Na ji tana kiran sunayen wasu mata a hankali, sunayen da ban taɓa ji a bakinta ba. Daga baya ne ta gaya mini abokan ɗinkinta ne, waɗanda ba a ciro su da rai ba.

Na ce, "Mota ce, comadre. Motar lemo ce."

Ta yi numfashi. "To da direban motar ruwan ya shigo, sai mijin ya ce me?"

Na ci gaba. Da gulmata ta ƙare sai na fara ƙirƙira. Kafin mu kai hawa na huɗu babu wanda ban yi wa sharri ba a layinmu, Allah ya yafe mini.

Don Apolinar ya zazzage kwalba ɗaya a faranti, ya tona da yatsa, ya sauko da tabaransa. Ya tambaya wa ya yi yankan. Ta ce ita ce. Ya ce shekara talatin ana kawo masa irin wannan kaya, bai taɓa ganin yanka mai tsabta haka ba, ko ɗigon dalma babu. Ta ɗan saki fuska. Sai ya ce aikin kwana takwas ne, mu dawo Alhamis ta sama.

Ta ce, "In sake hawowa?"

"Sai dai in ba kya son gani, Doña."

Ta kalle ni, na kalle ta. Ta ce, "Comadre, kina da kwana takwas. Ki nemo sabuwar gulma."

Hawan da muka yi karo na biyu ya fi sauƙi, ko da yake sai da muka huta sau uku. Don Apolinar ya zaunar da mu, ya ɗauko wani ɗan kofin gilashi ya ajiye a gabanta. A ƙasan kofin akwai wani gari mai ruwan ƙasa, bai fi cokali ɗaya ba, kamar ragowar kofi da aka sha aka bari.

Fuskarta ta canza. "Malam, ni 'yar ƙauye ce amma ba sakarya ba ce. Kwalba huɗu na kawo maka."

Bai ji haushi ba, da alama ya saba. Ya juye garin a wani ɗan kasko fari, ya barbaɗa masa wani farin gari, ya kunna wutar gas ya ce ta matso. Garin ya yi ja, ya fara tattaruwa, ya dunƙule, sai ga wani ɗigo yana rawa a tsakiyar kaskon yana haske kamar ƙaramar rana. Ya ɗauke shi da hantsaki ya tsoma a ruwa, ya yi cuu, ya ɗora mata a tafin hannu.

Bai fi ƙwayar masara ba. Ta rufe hannun, ta buɗe, ta ɗaga shi sama ta sauke tana jin nauyinsa. Ta miƙo mini na riƙe, na ji ya fi yadda ido ya gan shi nauyi nesa ba kusa ba. Ni ce na fara magana, na ce zai yi 'yan kunne masu kyau.

Ta ce, "'Yan kunnen me? Don Apolinar, ka san wani likitan haƙori da yake sa na gwal? Amma wanda yake ƙasa, ba bene ba."

Sai a lokacin na gane. Shekara biyar tana yankan nan muna teburi ɗaya, ban gane ba.

Shawo kan Don Nemesio ya fi hawa benen wuya. Ya ce shi ba mawaƙi ba ne, ba kuma ɗan dambe ba, me zai yi da haƙorin gwal da tsufansa. Ya ce 'yan shagon aski za su kashe shi da tsiya. Ya ce ta sayar ta gyara rufin kicin. Ta bar shi ya gama. Sannan ta gaya masa inda ta je aka narka shi, da hawa nawa ne, da sau nawa ta hau. Ina wurin. Ya daɗe yana kallonta bakinsa a buɗe, ya ma manta da rufe giɓin. Ya tashi ya ɗauki hularsa ya ce, "Yaushe likitan ya ce mu je?"

Ranar da aka sa haƙorin, tun daga bakin layi muka jiyo shi. Ya tsayar da mota a gaban shagon aski, ya leƙo da kai ta taga ya yi musu murmushi tun daga wannan kunne har wancan, ya ja motarsa. Da ya shigo gida ya tsaya a tsakar gida inda rana take, ya kira kaya da ƙarfi kamar yana kan titi, firji da talabijin da injin wanki, babu fito ko ɗaya. Kanarin da ya rage ya ruɗe da kuka. Doña Herlinda tana kwance noti, ba ta ɗago ba.

"To mun gani. Akwai kaya a mota ko yau haƙori za mu ci?"

Abin da ya ragu na zinariyar, maƙeri da likita suka ɗauka a bakin aikinsu. Ko ƙwayar gero ba ta rage mata ba. Na ce mata wannan wace irin wahala ce, ke da yanka, wani da ado.

Ta ce, "Ke ma dai, comadre. Ni ce nake kallonsa kullum. Shi sai ya nemi madubi."

Shekara goma sha biyu ya yi da haƙorin. Bai sake sa waya a baki ba, ko rake ya daina sha da gaba. A ƙarshe ciwon sukari ne ya kwantar da shi, ya ci masa ƙoda. Ya ƙi zaman asibiti, aka dawo da shi gida, aka sa masa gado kusa da ƙofa don ya riƙa jin ƙarar aiki. Wata ranar Asabar da la'asar na shiga kai masa ruwa, na tarar tana goge masa fuska. Ya rame ƙwarai, amma idonsa yana nan da tsiyarsa.

Ya ce, "Tsohuwa, kar ki bari a binne kaya mai kyau. Filaya tana cikin akwatin mota."

"Rufe mini baki."

"In na rufe ai ba za ki gan shi ba."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta kifa kanta a ƙirjinsa. Na ajiye ruwan na fita. Ranar Talata ya rasu.

Da aka zo sa shi a akwati, Crescencio ya matso kusa da ita, ya fara cewa, "Matar yaya, wato dai, shi yaya ya taɓa cewa..." Ta juyo ta dube shi. Ya haɗiye sauran, ya tafi jera kujeru. Da haƙorinsa aka binne shi.

Aka yi addu'ar kwana tara, a na goma ta ɗaura rigar aiki ta zauna a gefenta na teburi. Ɗanta da ke Querétaro ya matsa mata ta koma wurinsa ta huta, ya ce ta yi aikin da ya isa. Ta je. Matarsa ta kira ni a waya bayan mako biyu tana dariya, ta ce sun dawo daga aiki sun tarar ta kwance matacciyar fankarsu da tsohon injin markaɗe, ta jera komai kashi kashi a kan teburin cin abinci, yanzu kuma ta fara zagaya talabijin ɗin maƙwabci. Da kansa ɗan ya dawo da ita.

Yanzu Crescencio ne yake tuƙa motar, ta kuma yarda ya sa lasifika. Idonta ya ragu, sai ta kai fanel kusa da hanci take gane shi, wani lokaci ma da yatsa take shafawa. Kullum tana ƙorafin wayoyin zamani, wai ba noti sai gam, kuma zinariyar da ke ciki ba ta isa a shafa wa ƙuda a fiffike ba.

Shekaranjiya ina cikin haɗa wa jikata abin karyawa ta buga mini waya. Ta ce wani tsohon ofishi a Tlalpan ya zubar da kayan da suka shekara talatin a rufe a ɗakin ajiya, Crescencio ya cika mota har sama, fanel manya manya masu nauyi irin na da.

"Ki zo da tabaranki, comadre. Ki biya ki sayo tamal huɗu, biyu masu yaji. Kuma kar ki tsaya surutu a hanya, na san ki."

Na kashe murhu, na ɗauki mayafina.